Ruwan Zafi Ne Ya Tona Asirina

Ƙarfe uku na dare, ina durƙushe a banɗaki, bokiti na huɗu ke nan na ruwan zafi nake juye wa kaina. Matata tana tsaye a bakin ƙofa da hita a hannu, tana jira in turo bokitin ta sake cikawa. Zafin ruwan ya kai a fige kaza da shi, amma ni bai ishe ni ba. Muddin yana kwarara a bayana da cikina, aman yakan tsaya, murɗar cikin ta lafa, in samu in ja numfashi. Da jikina ya fara hucewa kuwa, ko minti goma ba a yi sai abin ya dawo sabo fil. Har gobe akwai tabon ƙuna a kafaɗata ta hagu daga wannan dare.

Ta ce, "Maigida, wannan ai ya wuce wanka, dafa kanka kake yi. Don Allah mu koma asibiti."

Na ce ta ƙaro ruwa.

A lokacin shekarata 31, shekara 14 ke nan ina shan wiwi kullum, matata kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ganina da ita a baki ba. Na fara tun ina ɗan 17, 'yan watanni bayan rasuwar mahaifina. Ban zama irin ɗan wiwin da mutane ke zanawa a zuciyarsu ba, mai yagaggun kaya yana surutu a titi. Na gama difloma a fannin lantarki, ina aikin wayarin gidaje, ina ciyar da iyalina, ban taɓa sata ba, ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Naɗi ɗaya kafin in fita aiki, ɗaya da rana in na samu lungu, biyu ko uku da dare. In ban sha ba ba na iya cin abinci, ba na iya barci, amma ban ɗauki wannan a matsayin ciwo ba. Cewa nake yi haka halittata take, wiwi ce take daidaita ni.

Akwai kuma wata magana da na riƙe kamar garkuwa. Wani abokin shanmu, wanda ya fi mu karance-karance, ya taɓa ce mana wata rana muna cikin caji, "Ku daina jin kunyar kowa. Masana sun gano cewa jikin mutum da kansa yana haɗa tasa wiwin, kuma a ƙwaƙwalwa akwai mazauni na musamman da aka tanadar mata. In ba don mu aka yi ta ba, wa ya yi mata kujera a kanmu?" Muka yi shewa. Na yi shekaru ina kare kaina da wannan magana duk sanda zuciyata ta tuhume ni. Abin da ya sa ta kama ni sosai, akwai gaskiya a cikinta. Ƙarya tsagwaronta da tuni na yar.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Kusan shekara biyu ina tashi da tashin zuciya da asuba, sai in yi naɗi in zuƙa, ya kwanta. Sai na ƙara yawan sha, tunda ga magani a hannuna. Daga nan aka shiga amai na gaske: duk bayan wata biyu ko uku zai taso, in yi kwana uku ko huɗu ko ruwa na sha sai ya dawo. An ce olsa ce, na sha magungunan olsa. An ce taifot. An yi hoton ciki sau biyu, an zura mini kyamara ta maƙogwaro, ba a ga komai ba. Na rame na faɗa, kilo 11 suka zube. Umma takan zauna a gefen gadona tana cewa, "Ɗan nan, ko dai akwai abin da ke cin ranka ne?" In ce babu. Wani likita ya taɓa tambayata ko ina shan wani abu, na ce masa ko sigari ba na sha. Ban yi ƙarya ba a lafazi, don da gaske ba na shan sigari.

Washegarin wannan dare na bokiti huɗu aka kwantar da ni, aka sa mini ƙarin ruwa, gwajin jini ya nuna ƙodata ta fara jigata saboda bushewar jiki. Ina kwance ina roƙon matata ta nemo mini ruwan zafi, ita kuma ta je tana tambayar nas inda za ta samu. Wata matashiyar likita da ke rubutu a kusa ta ɗago kai.

"Ruwan zafi na me, Hajiya?"

Matata ta kwashe labarin wankan ta gaya mata, har da ƙunar kafaɗa. Likitar ta ajiye biro, ta zo ta ja labule, ta ce wa matata ta ɗan ba mu wuri. Sannan ta ja kujera ta zauna.

"Malam, ni ba 'yar sanda ba ce, kuma abin da ka faɗa mini ba zai fita daga nan ba. Shekara nawa ka yi kana shan wiwi?"

Ba ta ce kana sha ba, shekara nawa ta ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata.

Ta ce ciwona yana da suna, likitoci suna taƙaita shi da CHS, wato aman da ba ya tsayawa wanda daɗewa ana shan wiwi ke haifarwa. Wasu likitoci a kudancin Ostireliya ne suka fara bayyana shi a 2004, kuma alamar da ta fi ba su mamaki ita ce wannan wankan ruwan zafin, marasa lafiyar da ba su san juna ba kowa ya gano dabarar da kansa. Na ce, "Likita, da girmanki, amma wiwi ai maganin amai ce. Ita take tsayar mini da shi." Ta ce haka ne, tun 1985 ma Amurka ta amince da magungunan da aka yi a kan THC, sinadarin wiwi mai bugarwa, don masu cutar daji da maganinsu ke sa su amai. Sai na ji ƙarfin gwiwa, na zaro garkuwata, na karanto mata maganar abokina kalma da kalma.

Ta yi murmushi. "Abokinka ya karanta shafin farko ne ya rufe. Wace sana'a kake yi?"

Da na ce wayarin, sai ta juya bayan wata takarda ta zana ƙwayoyin jijiya guda biyu da ɗan rata a tsakaninsu. Abin da ta yi mini bayani a minti goma a ranar, shi na shafe watanni ina bi a waya, ina neman sunayen da ta rubuta mini a ƙasan takardar. Ga yadda na fahimce shi, da irin kan mai aikin wuta.

Ƙwayoyin jijiya ba a haɗe suke ba kamar waya da waya. Ta farko takan fesa wani sinadari ya tsallake ratar, ta biyu ta karɓa. An daɗe ana ganin hanyar ɗaya ce, daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamar wuta daga mita zuwa ƙwan fitila. A 2001 ƙungiyoyin masu bincike a Amurka da Japan suka nuna cewa akwai saƙon da ke komawa baya. Idan saƙo ya yi wa ƙwaya ta biyu yawa, nan take sai ta gutsuro ɗan maiƙo daga fatar jikinta, ta sarrafa shi ya zama wani sinadari, ya koma ta ratar zuwa ga mai aikawa, ya zauna a kan wani makarɓi mai suna CB1. Ma'anar saƙon: ya isa, sassauta. Sai mai aikawa ta rage fesawa. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kuma wasu sinadaran wargazawa, FAAH da MAGL, su farfasa shi, wuri ya koma yadda yake.

Ni wannan ne ya tsayar da ni. A aikinmu ƙwan fitila ba ya magana da mita. In wuta ta yi yawa sai dai fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, gida ya yi duhu gaba ɗaya. A nan kuwa kowace mahaɗa tana da nata ɗan makunnin rage ƙarfi, kuma wanda lodin ya yi wa yawa shi ke murɗa shi, a daidai wurin, a daidai lokacin, na 'yan daƙiƙu. Jiki ba ya ma tara wannan sinadarin a rumbu kamar yadda yake tara wasu, sai buƙata ta taso yake haɗa shi. Kuma CB1 yana cikin makarɓan da suka fi yawa a ƙwaƙwalwa. Yana cike a hipokampus, inda ake ɗaure sabon abu ya zama tunawa. Yana amigdala, gidan tsoro. Yana haifotalamus mai kula da yunwa da zafin jiki, yana ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai daidaita motsi, yana kuma jijiyoyin hanji da ciki. Ka jera waɗannan wurare, ka jera abin da ɗan wiwi yake ji in ya caku, mantuwa, natsuwa ko firgici, yunwa, nauyin jiki, za ka ga taswira ɗaya ce. A tushen ƙwaƙwalwa kuwa, wajen da ke riƙe da numfashi, makarɓan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa wiwi ba ta tsayar da numfashi kamar yadda su kodin da dangoginta suke yi. Mu a da wannan muke kafa hujja da shi cewa ba ta da illa. Rashin kisa nan take muka mayar shaidar lafiya.

Tarihin gano abin ma shi ya warware mini maganar kujerar. A farkon shekarun 1960 wani masanin sinadarai a Isra'ila, Raphael Mechoulam, ya je wajen 'yan sanda ya karɓo kilo 5 na ƙullin wiwi da suka ƙwace, ya ɗauko shi a motar haya zuwa ɗakin bincike. A 1964 shi da Yechiel Gaoni suka ware THC suka bayyana siffarsa. Sai da aka yi shekara 24 ba a tabbatar da yadda yake aiki ba, da yawa suna ganin tunda maiƙo ne, narkewa kawai yake yi a fatar ƙwayoyin jijiya ya rikita su. A 1988 Allyn Howlett da ɗalibinta William Devane, a Jami'ar St. Louis ta Amurka, suka nuna cewa akwai makarɓi takamaimai a ƙwaƙwalwar ɓera da yake kamawa. A 1990 aka gano ƙwayar halittar da ke samar da shi. A 1993 a Kambirij ta Ingila aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a saifa da ƙwayoyin garkuwar jiki, aikinsa ya fi karkata ga kumburi.

To sai masanan suka yi wa kansu tambayar abokina, amma ba su amsa ta yadda ya amsa ba. Suka ce ba a yin kwaɗo don makullin baƙo, dole akwai na gida. A 1992 a Birnin Ƙudus, Devane da Lumír Hanuš a ɗakin binciken Mechoulam suka tace shi daga ƙwaƙwalwar alade, ɗan mitsitsi, suka sa masa suna anandamaid, daga kalmar ananda ta harshen Sanskirit na Indiya mai nufin ni'ima. A 1995 aka samo na biyu, 2-AG, a Isra'ila da Japan kusan lokaci guda, kuma shi ya fi yawa a ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Su ake kira endokanabinoid, wato dangin wiwi na cikin jiki. Sunan ne ya yaudare mu. Kifi yana da waɗannan makarɓai, tsuntsu yana da su, maciji yana da su, kuma babu wanda ya taɓa ganin kifi da naɗi a baki. An sa wa tsarin sunan wiwi ne kawai saboda ta hanyarta aka fara gano shi, kamar ka iske baƙo ya buɗe ƙofar wani gida da makullin da ya yi sa'a ya shiga, sai ka riƙa kiran gidan da sunan baƙon.

Baƙon kuma ba ya da ladabin masu gida. THC ba ya jiran wata ƙwaya ta ce lodi ya yi mata yawa. Yana shiga jini ya watsu ko'ina, ya hau makarɓan da ke buƙata da waɗanda ba su buƙata, kuma FAAH da MAGL ba sa iya farfasa shi, sai hanta ta yi ta fama da shi a hankali. Sa'o'i yake yi a kai, ragowarsa kuma ta maƙale a kitsen jiki ta riƙa tsattsafowa kwanaki, ga mai sha kullum har makonni. A yarenmu, wani ne ya shigo gida ya danne duk makunnan ɗakuna lokaci ɗaya ya ƙi ɗaga hannu. Wiwin ma ba ta tsaya yadda take ba: a wadda hukumomin Amurka suka riƙa ƙwacewa, THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014.

Me ƙwayar jijiya za ta yi da mai yi mata ihu safe da yamma? Abin da kai za ka yi, ta rufe taga. Takan janye makarɓan daga fatarta ta shigar da su ciki, waɗanda suka rage kuma su yi nauyin ji. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a Amurka ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 30 masu sha kullum, aka ga makarɓan CB1 a ɓawon ƙwaƙwalwarsu sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100, kuma waɗanda suka fi daɗewa suna sha su suka fi rasawa. Shi ya sa naɗi ɗayan da ke caza ni a shekarar farko ya koma biyar. Amma abin da ya fi sosa mini rai wani ne. In an rufe taga saboda mai ihu, mai raɗa ma ba a jin sa. Anandamaid da 2-AG nawa suna nan suna fitowa, amma kunnen da zai ji su ya toshe. Rashin iya cin abinci da rashin barcin da nake cewa halittata ce, wadda wiwi ke gyarawa, ashe ita ta haƙa ramin take kuma sayar mini da ƙasar cikewa.

Game da aman kuwa, likitar ta ce a ƙwaƙwalwa THC yana kwantar da tashin zuciya, amma a ciki yana rage saurin saukar abinci zuwa hanji, kuma ga wasu mutane in shekaru suka tura, tsarin yakan kife gaba ɗaya. Ruwan zafin kuma, bayanin da masana suka fi karkata gare shi ya shafi wani makarɓi daban a jijiyoyin fata da na ciki mai suna TRPV1, wanda zafin da ya kai kimanin digiri 43 ke kunna shi, sinadarin yajin barkono ma yana kunna shi, anandamaid ma haka. Ban yarda ba sai da ta sa aka shafa mini man da ke ɗauke da wannan sinadarin yajin a ciki. Fatata ta ɗauki raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, amma aman ya sassauta ba tare da bokiti ko ɗaya ba.

Ta ce duk waɗannan na lallashi ne. Maganin ɗaya ne, kuma na san shi.

A daren na gaya wa matata. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Shekara biyu ina tsammanin girkina ne yake sa ka amai." Wannan kalma ta fi ƙunar kafaɗar ciwo.

Makon farko na dainawa ba na son tuna shi. Gumi cikin dare har zanin gado ya jiƙe, abinci kamar takarda a baki, ido biyu har asuba. Ɗana ƙarami ya zubar da kofi na daka masa tsawar da ta sa ya yi fitsari a wando. Masu cewa wiwi ba ta kama mutum su zo su gaya mini. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogaro da shi ya lissafa wannan wahalar dainawa a matsayin ciwo mai zaman kansa, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum 1 cikin 10 na masu taɓa ta yake kamuwa, ga wanda ya fara tun yana matashi irina kuwa kusan 1 cikin 6. A waɗannan kwanaki na ci karo da labarin wani magani mai suna rimonabant. Tunanin masu haɗa shi mai sauƙi ne: tunda kunna CB1 yana kawo yunwa, toshe shi zai rage ƙiba. Ya kuwa rage. Turai ta amince da shi a 2006, a 2008 aka janye shi daga kasuwa, saboda masu sha sun riƙa faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani da fargaba, har da tunanin kashe kai. Mutanen da ba ruwansu da wiwi, an toshe musu nasu na gida kawai, duniya ta yi musu baƙi. Da na karanta sai na gane duhun da nake ciki. Ba ni ne na lalace ba har abada, tagogina ne ba su gama buɗewa ba. Wancan binciken na 2012 ya nuna cewa bayan kimanin mako 4 da dainawa makarɓan sun dawo daidai. Na manna kalanda a jikin bango ina soke kwanaki kamar fursuna.

Sai mafarkai suka zo. Shekara 14 kusan ba na mafarki, don THC yana danne zangon barcin da ake yin mafarki a cikinsa, in an daina kuma sai ya dawo da ramuwar gayya. Mafarkina na farko da na tuna, mahaifina ne zaune a gefen gado yana ɗaure igiyar takalmi, bai ce mini komai ba. Na farka ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da ya rasu. Kusan mako biyu yana zuwa kullum.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jamus a 2002 da ya riƙa dawo mini a wannan lokacin. An koya wa ɓeraye tsoron wani sauti ta hanyar haɗa shi da ɗan jan wuta a ƙafa. Daga baya aka riƙa kaɗa sautin ba wuta. Ɓeraye masu lafiya cikin kwanaki suka saki jiki, suka gane haɗarin ya wuce. Waɗanda aka halitta ba su da CB1 kuwa, duk sanda suka ji sautin sai su daskare, tsoron ya ƙi sakin su. Ashe sassauta wa zuciya abin da ya wuce ma aiki ne da jiki yake yi da waɗannan sinadarai, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da mutum ya tuna abin ya ga bai mutu ba. Ni a ganina, wannan aikin ne na hana kaina. Na so in manta mutuwar mahaifina da ƙarfin tsiya, sai na manta inda na ajiye filaya, na manta alƙawarin masu aiki, na taɓa manta ban kashe bireka ba wuta ta yi jifa da ni daga kan tsani, shi kuwa baƙin cikin yana nan a naɗe yadda na bar shi ina ɗan 17.

Kada wani ya ce to sai a ƙara wa jiki anandamaid a huta. Akwai wata mata a Sikotilan, Jo Cameron, wadda likitoci suka ba da labarinta a 2019. An haife ta da sauyi a ƙwayoyin halittar da suka shafi FAAH, don haka anandamaid ɗinta ba ya wargajewa da wuri. Ba ta jin zafin ciwo, da wuya ta ji tsoro ko damuwa, sai da ta haura shekara 60 aka gane, bayan an yi mata tiyata a hannu ta ce ba ta buƙatar maganin raɗaɗi. Da farko na yi mata hassada. Sai na karanta cewa takan ƙone a murhu ba ta sani ba sai ta ji ƙaurin fatarta, ƙugunta ya lalace ƙwarai kafin a lura, ga kuma yawan mantuwa. Na taɓa tabon kafaɗata na yi shiru.

A kwana na 23, da rana tsaka ina kan tsani ina jan waya, na ji wani abu a cikina da ban gane ba da farko. Na ɗauka ciwon ne zai taso, gabana ya faɗi. Ashe yunwa ce. Yunwa ta kanta, ba wadda aka kunna da ashana ba. Na sauko na zauna a kan bulo ina dariya ni kaɗai, yaron aikina yana kallona yana cewa, "Oga, lafiya?"

Da na so in ce daga nan shi ke nan, amma tsugune ba ta ƙare ba. A wata na huɗu na ce tunda makarɓaina sun dawo, naɗi ɗaya a mako ba zai yi komai ba. Ka ga yadda ilimin da ya cece ni na juya shi ya zama sabuwar garkuwa. Ɗaya a mako ya koma ɗaya a rana cikin kwana goma, kafin wata biyu ina durƙushe a banɗaki. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, makarɓai sun manta, amma hanyar da ka saba bi ba ta manta ba. Mu sake ƙirga daga ɗaya." Ta haɗa ni da mai ba da shawara kan shaye-shaye, na kuma gaya wa Yayana, wanda ya riƙa kirana kowane dare a daidai lokacin da na saba yin naɗin ƙarshe, ba ya tambayar komai sai labarin ƙwallo.

Ita ce kuma ta ce in gwada gudu. An daɗe ana jingina daɗin da masu gudu ke ji ga endofin, wani sinadarin rage raɗaɗi da jiki ke fitarwa, amma tun 2003 aka auna jinin masu gudu da masu tuƙa keke aka ga anandamaid yana hawa, kuma a 2021 masu bincike a Jamus suka ba masu gudu maganin da ke toshe hanyar endofin, duk da haka suka ji daɗin da raguwar fargaba. Ba gudun tsere ake so ba, matsakaici ne mai ɗorewa. Ba zan yaudari kowa ba, abin da nake ji bayan minti 40 ina sassarfa bai kama ƙafar caji ba. Wani sanyi ne kawai a ƙirji, kamar an rage ƙarar rediyon da ban san yana kunne ba, ya yi awa ɗaya ko biyu ya tafi abinsa, bai bar ni da bashi ba.

Yanzu shekara 3 da wata 2 ke nan rabona da wiwi. Abokin nan nawa na haɗu da shi bara, yana nan yana sha, shi cikinsa lafiya ƙalau, don ba kowa ciwon ke kamawa ba. Na fara yi masa bayanin saƙon da ke komawa baya, ya katse ni ya ce, "Ka gani ko? Ai na gaya maka jiki yana yin tasa." Na ce haka ne, muka yi sallama.

Hitar nan kuwa matata ta ɓoye ta shekara guda cur, ko da sanyi sai dai ta dafa ruwa da kanta ta sirka ta miƙo mini. Yanzu ta dawo da ita. Amma har yau in na wuce minti biyar a banɗaki, sai in ji takunta ya tsaya a bakin ƙofa, ta ɗan ƙwanƙwasa.

"Maigida?"

"Sabulu ne ya shiga idona."

Sai in ji takun ya koma.